Yatsan da Lalle Bai Taɓa Ba

"Wa ya yi mata wannan baƙin lallen?" in ji mai allurar barci a ƙofar ɗakin tiyata, yana sauya maƙalin na'ura daga yatsa zuwa yatsa. Na'urar ta ƙi nuna komai.

Tsohuwar da ke tsaye gefen gadon ta dubi hannun. Ita ce ta yi shi. Shekaranjiya a garinsu Mamudo ta zaunar da 'yarta mai tsohon ciki, ta rine mata hannu da ƙafa har farce, don kada ranar suna dangin miji su ce ba ta da uwa. Yau ga 'yar kwance, jini ya jiƙa zani.

"Mama, ta yatsa nake gane ko numfashi na isar ta, ga shi lallen ya tare na'urar. In na sa ta barci haka, a makance zan yi aiki."

Ta cafki hannun tana dirza da bakin mayafi, da yawu, da hawaye. Lallen da ta yi ta addu'ar ya kama, ya kama.

Sai idonta ya faɗa kan tsumman da ke naɗe a ƙaramin yatsan hagu. Nan wuƙa ta yanki yarinyar garin yanka kuɓewa, har ta yi mata faɗa: "Kin ɓata min kwalliya!"

Da haƙori ta warware shi. Babu ɗigon lalle.

Aka maƙala. Shiru. Can na'urar ta soma ƙara, ɗis, ɗis, kamar yayyafi a kan kwano. Aka tura gadon a guje, aka bar tsohuwar rungume da tsumma.