Jar Fitila a Ƙarƙashin Sitiyari

Sau huɗu Dogo yana murɗa makulli, motar ko tari ba ta yi ba. 'Yar fitilar nan da ke ƙarƙashin sitiyari ta yi ja zur. Kamfani ya kulle injin.

A kujerar gefe matarsa ta jingina kai da gilashi, da cikinta na wata takwas, leɓɓanta sun yi fari fat. Ɗazun nan ya tarar da ita kwance a ƙofar kicin, jini na bin ƙafarta. Ya sungumo ta, ya rataya jakarta a kafaɗa saboda katin asibiti yana ciki. Gidansu ne na ƙarshe a layin, bayan kwari, inda ko mai babur ba ya yarda ya shigo in an yi ruwa. An kuwa yi ruwa tun safe, maƙwabta duk suna wurin aiki.

Ya ciro waya ya rubuta: "Don girman Allah ku buɗe min mota. Matata ce ba lafiya." Ya aika.

Dogo direba ne na gaske, wannan ba mai musu. Caca ce ta kai shi ƙasa. Ita ta cinye motarsa ta farko, ta haɗa da sunansa. Banki uku ya je neman rancen sayen wata, ko'ina da an danna sunansa a kwamfuta sai murmushin ma'aikacin ya ɗauke. Wata bakwai yana zaune a gida yana ƙirga kwanon rufi, matarsa na ciyar da su da ɗinki.

Sai wani dillali ya neme shi da kansa. Wai akwai wani ɗan ƙaramin kamfani da bai damu da tarihin mutum ba. Ya kai shi bayan gareji ya nuna masa tsohuwar akori-kura, ta ci kilomita dubu ɗari huɗu da tamanin, an ɗaure ƙofar baya da waya, kujerar direba ta lotsa kamar tsohuwar katifa. Amma injin na da rai. Sharaɗi uku ne: biya duk mako a hannun dillali, magana da kamfani ta saƙo kawai, sannan akwai na'ura a jikin motar da ke nuna inda take, tana kuma kashe inji in an aiko mata umarni. Dogo ya sa hannu bai karanta ba. Yo ina zaɓi?

Tun daga ranar yake jigilar bulo da yashi, yana ji kamar da igiya a wuyansa. Ya taɓa tsayawa gaban shagon caca, wai gaisawa kawai zai yi. Kafin ya zare makulli saƙo ya shigo: "Nan ba wurin sauke bulo ba ne." Kai! Ranar ya zagi kamfanin har kakansu.

"Mutanen nan ba imani," ya ce da matarsa da ya dawo. "Sun mai da ni baƙin bawa."

"Sarkin taurin kai," ta ce, haka take kiransa tun suna saurayi da budurwa. "Ci abincinka. Ka san me su ma suka sayar kafin su sayi motar?"

Tana zaune a ƙasa tana ɗinkin hannu. Kekunan ɗinkinta biyu sun tafi gyara tun tuni, shi kuma bai taɓa tambayar wane irin gyara ne ba ya ƙarewa ba.

Gaskiya dai wani lokacin kamfanin yakan yi abin mamaki. Makon da aka koro 'yarsu daga makaranta, tun bai buɗe baki ba suka rubuto cewa an ɗaga masa biya. Kuma duk saƙon da ya aika, komai zafinsa, ba ya minti biyu bai samu amsa ba.

Jiya ne Dogo ya koma ruwa. Ya ajiye motar nesa, ya taka da ƙafa har shagon cacar don kada na'ura ta tona shi, ya zuba kuɗin mako guda cif. Ya dawo gida aljihu wayam, ya ce wai mai gini ne bai biya ba. Matarsa ta dube shi, ta ɗaga wandon da ya cire za ta jiƙa. Da gari ya waye fitila ta yi ja.

Yanzu minti shida ke nan, shiru. Ya sake rubutawa. Ya rantse ya bar caca har abada, ya ce su ƙwace motar gobe in sun so, yau kawai yake roƙo. Shiru. Ya kira dillali, a kashe. Ya girgiza kafaɗar matarsa yana kiran ta, kanta ya langaɓe gefe guda. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ya fashe da kuka yana dukan sitiyari.

An hana shi kira, amma yau doka ta ƙare. Ya danna lambar kamfanin, karo na farko cikin wata goma, ya manna wayar a kunne.

Wani abu ya fara kurma ihu a haƙarƙarinsa. Ya zuge jakar matarsa, ya ture katin asibiti da zare da almakashi, da takardar cacar jiya da aka ninke huɗu. Can ƙasa, cikin tsohuwar safa, wata 'yar waya da bai taɓa gani ba tana haske, a fuskarta an rubuta sunan mai kira: Sarkin taurin kai.