Ranar da Mai Faci Ya Kayar da Surukinsa

Kai da ka sa kanka aikin tsaron hanyar tsere, kana cewa ba ka iya ɗaga wa na gaba da kai murya, gyara zama ka ji wannan.

A wani gari, kowace kaka in an gama girbi, samari kan shirya tseren babura a filin bayan gari. Ranar ba mai zaman gida. Ga makaɗa, ga masu rake da dafaffiyar gyaɗa, ga 'yan kallo har kan itatuwa. Masu tsaron hanya kuwa 'yan sa kai ne, sha'awa ce kawai ke kawo su, a ba su riga mai ƙyalli da tuta. A kowace kwana mutum biyu ke tsayawa bayan jerin tsofaffin tayoyi, suna fuskantar juna. Ɗaya na riƙe da tuta yana duban inda babura suka nufa, don in wani ya faɗi ya kaɗa ta, na baya su rage gudu. Wannan ya juya wa babura baya ke nan. Ɗayan kuwa yana leƙen inda suke fitowa ta saman kafaɗar abokinsa, ba shi da wani aiki sai tsaron ƙeyar mai tuta.

To, wata shekara wani mai faci ya shiga aikin yana ta ɗoki. Mai rabon wurare baƙo ne, bai san wa ke auren 'yar wa ba, sai ya haɗa shi da wani tsohon direban tirela, wanda shi ne uban matarsa. Tirƙashi! Mutumin da tun da ya auri 'yarsa bai taɓa haɗa ido da shi ba. In ya hango shi a lungu yakan sake hanya, in ba makawa ya tuɓe takalmi ya durƙusa tun daga nesa. Yau ga shi za su wuni tsaye hanci da hanci. Tsoho ya karɓi tuta yana murmushi, mai faci kuwa ya kafe ido a kan takalman surukinsa kamar mai neman allura. Aka saki babura, ƙasa ta ɗauki rugugi, jama'a na ihu, shi kansa na sunkuye. Wani babur ya gogi taya ya wuce fuu, har rigar tsoho ta kaɗa, mai faci bai ga zuwansa ba. Tsohon ya ce masa a hankali, "Ɗana, yau ba ni da ido a baya sai naka. In ka sunkuyar da su, ni makaho ne." Maganar ta soke shi. Ya ɗago kai da ƙyar, gumi na keto masa, ya sa wa hanya ido.

Ana cikin zagaye na ƙarshe sai wani matashi ya shigo kwanar da gudun da ya fi ƙarfinta. Tayar baya ta zame, matashin ya yi gefe guda, babur ya kwanta ya taho shi kaɗai yana tartsatsi, ya nufi bayan tsoho kai tsaye. Ina lokacin cewa "Baba, don Allah a ɗan gusa"? Mai faci ya kwatsa tsawa, ya rungumo ƙugun surukinsa kamar ɗan kokawa, ya ɗaga shi cak, suka zube tare cikin kwarin kunyar gero. Hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma. Babur ya daki tayoyin, ya tsallake su, ya dira daidai inda dattijon yake tsaye. Shi kuwa tsohon direba, yana kwance rigingine mai faci na danne da shi, bai saki tutar ba. Ya miƙa hannu sama yana kaɗa ta, na baya suka gani suka sassauta, matashin ya samu ya rarrafa ya bar hanya, ba abin da ya same shi sai ƙujewar gwiwa.

Da aka tabbatar kowa lafiya, fili ya ɓarke da sowa. Makaɗa suka juya kiɗa ya koma na kokawa, ana ta faɗin wai mai faci ya kayar da surukinsa, kaye ɗaya tak. Shi kuwa gogan naka ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya durƙusa yana kakkaɓe rigar dattijo, a ransa yana cewa aure kam ya mutu. Tsoho na dariya har da hawaye. Ya kamo hannunsa ya miƙar da shi tsaye, ya ɗaga hannun sama a gaban jama'a kamar yadda ake yi wa wanda ya ci wasa, ya ce, "Da ka tsaya jin kunyata, da yanzu gawata kake yi wa ladabi. Allah ya yi maka albarka." Can cikin mata aka rangaɗa guɗa, ko bai waiwaya ba ya san muryar matarsa ce, daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa.

Kunya ado ce, babu musu, amma ba a bakin hanyar tsere ba. A can, wanda ya tsaya gabanka ya ba ka amanar ransa ne, ko ubanka ne ka daka masa tsawa, ka fizgo shi, gaisuwa ta biyo baya. Ai Hausawa sun gama magana da suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.