Bugun Bututun Hawa na Biyar

Kwana biyu ke nan bututun ɗumama ɗaki yana bugawa a gidan Inna Kuang. Kwal, kwal, kwal, ya yi shiru, can ya sake. A hunturun birnin Harbin na ƙasar Sin ba a kashe ruwan zafin da ke bin bututun, ga kuma surukarta mai jego, an rufe ta a ɗaki zaman wata guda. Duk bugu sai jariri ya zabura da ihu. Barci ya gagari uwar, nono ya fara ɗaukewa, hankalin Inna ya tashi ƙwarai.

Bara ta tare a benen, ba ta san kowa ba, sai ta kira lambar mai gyara da ke manne a bakin matakala. Malam Pang ya iso da jakarsa, fuska wasai. Ya kara kunne a ƙarfen, ya daɗe yana saurare.

"Iska ce ta shiga bututun, Inna."

Ya kwance ɗan famfon gefe, ruwa mai tsatsa ya tsiyaya a kwano. Ko jakarsa bai ɗauka ba bugun ya dawo.

"Kai kuwa gwani ne ko ɗan koyo? Ni da ban iya komai ba na san daga hawan ƙarshe ake sakin iska. Hau wurin tsohon nan na sama mana!"

"Wannan? Ai ko gobara ake ba ya buɗe ƙofa. Bar ni da shi, Inna."

Washegari ya dawo ba a kira shi ba. Bugun ya rage ƙarfi, tazararsa ta ƙaru. Ya naɗe bututun da roba tun daga rufi har ƙasa, ya ɗaure tamau.

"Irin wannan, kwana uku huɗu yake ɗaukewa da kansa."

Haka kuwa aka yi. Jariri ya yi barci, nono ya kawo. Don murna Inna ta cika masa leda da jajayen ƙwai na barka, ta bi maƙwabta tana yabon hannunsa.

A rana ta tara wari ya sauko matakala. 'Yan sanda na shirin ɓalle ƙofar hawa na shida sai ga Pang da mabuɗi. Tsohon yana kwance a ƙasa ba rai, ƙugu a karye, cokali a hannunsa, fentin bututun duk ya ɓare a inda hannun ya iya kaiwa.

Inna ta riƙo hannun tsohuwa Lu, wadda ta shekara arba'in a benen.

"Yaya, me ya kai mabuɗin hannun mai gyara?"

"Wa, Pang? Ɗansa ne ai, shi kaɗai. Tun yana ƙarami da bugu uku-uku a bututu uban ke kiransa, ko yana ƙasa wurin wasa ya ji zai hau da gudu."