Baba Maimaita

Malama ta danna rediyon, kaset ya fara juyawa. Ɗan gyaran murya, sannan Turanci tas ya cika ajin. Tsohon kaset ne da ta gada tare da kujerun, ba wanda ya san mai maganar.

Ƙaramar hukumar tasu 'yar mitsitsiya ce, amma kusan kowane gida da yarensa. Shi ya sa aka buɗe ajin Turanci na manya a bayan ɗakin karatu. Sharaɗin ɗaya ne: ranar da aka rasa ɗalibi a matakin farko, a rufe ajin, Malama ta nemi wani aikin.

To, bana kowa ya haye zuwa mataki na gaba. Mai wanki ta haye, direban motar asibiti ya haye. Matar mai gyaran takalmi, wadda ta zo ko gaisuwa ba ta iya ba, yanzu da bakinta take yi wa likita bayani. Malama ta yi murna a gabansu, ta yi kukanta a ɓoye.

Saura mutum ɗaya, wani dattijo da 'yan ajin suka raɗa wa Baba Maimaita. Ya shigo ne tsakiyar shekara, daidai lokacin da maganar rufe ajin ta fara yawo. Ya ce ya taɓa aiki a gidan rediyo, Malama ta ɗauka gadi ne. In kaset na magana sai ya lumshe ido, leɓɓansa na motsi, ita kuwa ta ce gyangyaɗi yake. In aka zo kansa, sai ya gyara murya ya kwaɓa abin da ba kai ba gindi, aji ya kwashe da dariya, har da shi.

"Baba, don Allah maimaita."

"To, 'yata. Kan ne ya tsufa."

Ran nan sai jami'in ilimi ya zo duba ajin. Jami'in ya tambayi Baba sunansa da Turanci, Baba ya nuna masa ƙofa. Ya tambaye shi shekarunsa, Baba ya cire hula ya miƙa masa da hannu biyu. Jami'in ya share gumi.

"Malama, wannan sai kin ƙara shekara da shi. Ajin ya ci gaba. In sababbi sun zo, ki ɗauka."

Da ya fita, Malama ta zare kaset za ta sa a jaka. Sai ta ji a bayanta: ɗan gyaran murya, sannan Turanci tas, ana taya ta murna.

Ta dubi kaset ɗin a hannunta, ta waiwaya. Ba kowa a ajin sai Baba Maimaita, yana gyara zaman hularsa, yana yi mata magana da muryar cikin kaset ɗin, wadda ta yi wata da watanni tana roƙonsa ya kwaikwaya.