Gwiwar Baba a kan ƙanƙara

Ina 'yar shekara tara Baba ya tafi da ni Birmingham daga unguwarmu, Longsight, zai yi jarrabawar matakin farko ta masu koyar da yara wasan hoki na ƙanƙara. Yayansa, Kawu Sale, ne ya tuƙa mu, yana ta mita tun a hanya.

Matar da ke jarraba su ta ce in koci zai yi wa yaro magana, dole ya sauko daidai idonsa. Ni aka turo gaba don a gwada shi. Sai ga Baba, mutumin da nake durƙusa wa kullum da safe in gaishe shi, ya sa gwiwa a kan ƙanƙara a gabana, yana gyara min riƙon sandar wasan. Na sunkuyar da kai don kunya.

Kawu ya bubbuga gilashin gefen fili. "Haba Isa! 'Yar cikinka za ka durƙusa wa saboda satifiket? A gaban Turawa?"

Baba ko waiwaye bai yi ba. "Yaya, daga sama ba ta jina. Bar ni in yi aikina." Sannan ya ce da ni, "Ɗago ki dube ni, Mamana."

Na ɗago. Ashe akwai ɗan tabo a girarsa ta hagu, ban taɓa gani ba sai ranar.

Yau ni ma koci ce, har ina da mataki na biyu. Duk Asabar ina durƙusa wa 'ya'yan mutane. Masu cewa ina zubar da girmana su yi ta faɗa. Ai gwiwata ce.