Kwanon Ɗaki da Gwiwar Inna

Kafinta ya riga ya hau tsani, guduma a hannu, sai maigidan ya ce ya dakata.

Rufin ɗakin kwana ya daɗe yana yoyo. Gyaransa sai an kware kwanon gaba ɗaya, ɗakin ya wuni ya kwana a buɗe. In ruwa ya sauko a tsakani, katifa da littattafai da sabon silin duk sun tafi. In kuma aka fasa yau, kafintan ya karɓi aiki a wani gari, sai damina ta yi nisa zai dawo.

Babbar 'yarsa, mai karatun tattalin arziki a jami'a, ta ga dama ta samu.

"Baba, abin ba wuya. Masana sun ce ka auna girman asara, ka auna yiwuwar aukuwarta, ka haɗa su. Hasashen yanayi na jiya ya ce yiwuwar ruwa kashi goma ce cikin ɗari. Yoyo kuwa tabbas ne."

"Kashi goman nan, a kan katifar wa za ta sauka?"

"Ka gani ko? Shi ne tsoron asara da ake koya mana. Mutum ya fi jin zafin rashi kan daɗin samu."

Uwargida tana ɗauraye kwanuka, tana dariya ƙasa-ƙasa.

Unguwar kam kowa ya gaskata hasashen. Igiyoyi sun cika da shanya, maƙwabci ya baje katifunsa a rana, har ya leƙo ta kan katanga ya ɗaga wa maigidan hannu yana godiya.

Maigidan ya mayar da gaisuwar a gajarce. Ya ɗaga kai ya dubi sama, fes. Ya tsuguna ya bi layin tururuwa da ido. Ya lasa yatsa ya miƙa wa iska. Can dai ya saci jiki ya shiga ɗakin mahaifiyarsa, ya rage murya.

"Inna, yaya gwiwar?"

"Tun safe take mini zugi, ɗan nan."

Ya fito fuska a ɗaure. "Sauko, malam. Ba yau ba."

Kafintan ya dube shi, ya sauko. Ya saɓa tsaninsa yana girgiza kai. 'Yar ta ce wannan kam sai ta kai babanta aji a yi nazari a kansa. Maigidan ya sa kwat, ya cusa lema can ƙasan jaka, ya tafi aiki.

Da yamma, a gidan talabijin, fitilar kyamara ta kama. Maigidan ya gyara wuyan riga, ya nuna taswirar da ke bayansa, ya saki murmushi.

"Masu kallonmu, kamar yadda na shaida muku jiya, mai shanya ya yi shanyarsa, babu ruwa a makon nan."