Takarda ta Sha Bakwai

Farfesa ta zare takarda ɗaya daga cikin arba'in, ta ɗaga ta da yatsu biyu.

"Wannan fa? Ba sa hannu, ba lambar waya."

Ɗalibin da 'yan aji ke kira Tsoho, don ya girme su da shekara bakwai, ya sunkuyar da kai. Bincikensa na kammala digiri a kan tambaya ɗaya ne: me ke sa ɗan'uwan majinyaci ya zo ma'ajiyar jini, a gwada shi, jininsa ya dace, sannan a waiwaya a neme shi a rasa? Wata huɗu ya yi yana tono lambobin irin waɗannan mutane a tsohuwar rajistar asibiti, yana bin su gida-gida.

Talatin da tara uzuri suka kawo. Wannan an kira shi wurin aiki, wancan jiri ya ɗebe shi, wani ya ce ya fita shan iska ne ya manta hanya. Takarda ta sha bakwai ce kaɗai ta ambaci tsoro. Saurayi ne ɗan shekara sha tara. An kawo ɗan'uwansa daga haɗarin mota, jininsu irin mai wuyar samu ne, firji kuma babu ko ledar jini ɗaya. Saurayin ya kwanta, aka ɗaure masa damtse, ya ga kaurin allurar, ya ce zai zaga bayi. A lokacin ma'aikata suka tashi, wasu suka karɓi aiki, sai da aka yi awa uku kafin wani ya lura ledar na nan wayam. Majinyacin bai kai la'asar ba.

A kan wannan takarda Tsoho ya gina babi na huɗu gaba ɗaya.

"Na san halinku," in ji Farfesa. "Ku zauna a gindin bishiya ku haifi mutane da biro. Sauran takardunka duk da goge-goge, wannan ko tuntuɓe ba ka yi ba. Ranar Alhamis ka kawo mini mai takardar nan, ko in miƙa ka gaban kwamiti. Ka san hukuncin ƙirƙirar bayanai."

Ya sani. Kora ce, saura wata biyu ya gama.

A gida ya tarar da Umma tana goge farar rigarsa ta ɗakin gwaji, ko da yake ya sha ce mata ta bari. Ya zauna a bakin kujera, ƙafarsa na kaɗawa.

"Kai dai tun da ka dawo kake zama kamar baƙon da mota ke jira," in ji ta. "Shekara bakwai kana gari-gari, yau tuƙi gobe gini, ko waya sai ka ga dama. Ƙafar nan ba ta gaji ba?"

"Ta gaji, Umma."

"To ta zauna. Ni na san don Auta ka zaɓi karatun jinin nan. Ka ba ƙaninka jininka, kwanansa ne ya ƙare. Me kuma ake nema wurin ɗan'uwa?" Ta ɗaga rigar tana duba wuyan. "Na faɗa wa duk maƙwabta, ranar da za a ba ka takarda mota guda za mu cika."

Abincin da ta ajiye masa a nan ya huce.

Ranar Laraba ya yi aikinsa na koyo a ma'ajiyar jini. Mutum tara ya ɗiba, bai kuskure jijiya ko sau ɗaya ba. Yana riƙe musu hannu, yana jan su da hira har ledar ta cika. Shugaban ɗakin ya ce hannunsa kamar na wanda ya shekara ashirin a aikin.

Wani ɗan ajinsu ya tare shi a baranda. "Tsoho, kai ma da sanyin jiki. Ka samo mai babur ɗaya, ka karantar da shi labarin, ya je ya yi wa Farfesa hawaye. Wa zai sani?"

Har ya tsaya a bakin titi yana duban fuskokin masu babur. Ya zaɓi wani mai idon tausayi, ya ɗaga hannu. Da mutumin ya tsaya, sai ya ce ya kai shi gida kawai.

Alhamis da hantsi ya ƙwanƙwasa ofishin Farfesa. Ta leƙa bayansa, ba kowa. Takardar kai ƙara na gabanta, ta riga ta cike, sa hannu kawai ya rage.

"Ka ga abin da ya tona ka?" Ta ɗora yatsa a tambaya ta sha biyu. "An tambaye shi ko dangi sun zarge shi, wai har yau albarka ake sa masa. Kuma wai kawunsu ya zo a guje, mai irin jinin, uwar da kanta ta ce ya koma bakin aikinsa, an riga an samu. Shekarata talatin a asibiti. Wace uwa ce za ta sallami mai ba da jini, ɗanta na kwance, in ba ta ga shaida da idonta ba?"

Ta buɗe biro.

Tsoho ya ja kujera ya zauna, ƙafarsa ta daina kaɗawa.

"Ta ga shaida, ranki ya daɗe," ya ce. "Kafin in fita na ɗauki auduga da filasta a kan tebur, na manna a hannuna, na je na nuna wa Umma."